Faɗin kiranki da tazarar feda a keken hawan dutse: 172 ko 178?

Ɗan Jos: Slm jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah masana ina neman shawara kafin in saki kuɗi. Keken dutsen da nake hawa na gwanjo ne, taya inci 29, bayansa Boost 148 wato faɗin wurin tayar baya milimita 148, kirankin da ya zo da shi (hannayen da feda ke ɗauruwa a kai) mai farantin kaca biyu ne kuma haƙoran duk sun cinye, da na ɗan taka da ƙarfi sai kaca ta yi tsalle. Ina so in koma faranti ɗaya giya 12. Akwai abokina da zai dawo daga waje zai riƙo min, to da na shiga dubawa sai na ga kirankin Deore na kamfanin Shimano ɗin ma kala uku ne, M6100 da M6120 da M6130, wai lambar Q ɗinsu 172 da 178 da 181. Wanne zan ɗauka? Sannan abu na biyu, ina hawa keken kwalta a tsakiyar sati lafiya lau, amma in na hau na dutsen na yi doguwar hawa ta wajen Shere sai gwiwata ta hagu ta fara min ciwo ta gefen ciki. Ko faɗin ne ya min yawa?

Injiniya: Wslm. Bari mu fara da menene Q ɗin don waɗanda ba su sani ba. Tazarar da ke tsakanin bayan hannun kiranki na dama da bayan na hagu ce, daidai wurin da feda ke ɗauruwa, da milimita. Keken kwalta yawanci 146 zuwa 148 yake in Shimano ne. Na dutse kuma daga 162 har 181. Amma fa ƙafarka ba a kan kiranki take zama ba, a tsakiyar feda take, saboda haka sai ka ƙara tsawon aksul ɗin feda sau biyu. Fedar SPD ta Shimano XT, wato mai kama takalmi, daga kiranki zuwa tsakiyarta 55 ne, kaga 172 a tara da 110 ya ba ka 282. Na kwalta 148 a tara da 104 ya ba ka 252. Wato duk ranar da ka sauka daga na kwalta ka hau na dutse ƙafafunka sun buɗe da milimita 30, sha biyar kowane gefe. Ni ra'ayina ka ɗau 172 kawai, duk abin da ya fi matsewa ya fi.

Baba Mai Keke: Injiniya ka yi lissafi mai kyau amma ka tsallake tambayar farko. Ba shi ne zai zaɓa ba tukuna, bodin keken ne zai fara zaɓa. Ɗana, waɗannan ukun ba don faɗin ƙafar mutum aka raba su ba, don layin kaca aka raba su, wato nisan faranti daga tsakiyar keke. M6100 layinsa 52, M6120 layinsa 55, M6130 kuma 56.5 shi na masu baya 157 ne, naka 148 ne to cire shi a lissafi gaba ɗaya. Saura biyu. Akwai bodin da aka ƙera ƙarfen bayansa ya buɗe sosai don taya mai kauri ta samu wuri, irin wannan in ka sa masa 52 farantin zai goga ƙarfen ko hannun kiranki ya dinga ƙwanƙwasa shi duk zagaye. An sha kawo min irinsu shago, mutum ya sayi kaya daga nesa ya zo ya ƙi zama, ga shi ba halin mayarwa.

Ɗan Jos: Baba Allah ya ƙara girma. To ya zan gane wanne bodin nawa yake so? Babu takardar keken, a haka na saye shi

Baba Mai Keke: Sa sunan keken da shekararsa a intanet, galibi masu shi suna rubuta layin kacan da kuma babban farantin da zai ɗauka. In ba ka samu ba ɗauko tef. Juya kirankin da ke kai yanzu har hannun ya zo daidai ƙarfen baya na ƙasa, ka auna ratar da ke tsakaninsu, dama da hagu duka. Sai ka auna Q ɗin wanda ke kai: daga tsakiyar bututun sirdi zuwa bayan hannun dama, ka juya ka yi na hagu, ka tara. In kana da haƙuri ma ka cire hannun hagu ka mayar da shi yana kallon inda na dama ke kallo ka auna kai tsaye, wannan ya fi fita daidai. In na yanzu 176 ne misali kuma ratar milimita 8 ce kowane gefe, 172 zai ci maka biyu biyu, saura 6, ya wadatar. In ratar 4 ce kar ka soma, don ƙarfe yana ɗan lanƙwasa in ka miƙe tsaye kana taka da ƙarfi, ga taɓo kuma zai shiga tsakani.

Bahaushen Sheffield: Ni dai ban yarda da maganar Injiniya ta cewa duk abin da ya fi matsewa ya fi ba. Wannan tunanin ƴan kwalta ne. Nan inda nake Peak District muke hawa, duwatsu ne jiƙaƙƙu kusan duk shekara, in kana gangara kana tsaye kan feda abin da kake so keken ya samu wurin da zai yi wasa tsakanin ƙafafunka, ka kwantar da shi dama ka kwantar da shi hagu cinyarka ba ta tokare sirdi ba. Ni 178 nake hawa da feda falat mai faɗi, wadda ba ta kama takalmi, kuma ba zan koma ba. Ka duba kamfanin Crankbrothers ma, fedar Mallet E ɗinsu akwai mai dogon aksul 57 maimakon 52, masu gangara ne suka fi nemansa, don takalmi ya samu wurin juyawa ya fita bai tokari kiranki ba.

Injiniya: Yallaɓai ba tunani ba ne, an gwada. A Jami'ar Birmingham nan kusa da kai Disley da Li sun fitar da bincike a 2014, sun sa mutane taka keke a Q 90, 120, 150 da 180, matsattsun biyun sun fi cin ribar ƙarfin da mutum ya zuba. Sannan ka tuna Graeme Obree, ɗan Scotland ɗin nan da ya ƙera kekensa da hannunsa har da boris na injin wanki, ya matse wurin kiranki iya matsewa, a 1993 a Hamar ta ƙasar Norway ya yi kilomita 51.596 cikin awa ɗaya ya karya tarihin da ɗan tseren Italiya Francesco Moser ya kafa. Kuma me ya sa kirankin Shimano XTR M9100 na ƴan tsere ya zo a 162?

Bahaushen Sheffield: Obree a cikin ɗakin tsere mai santsin katako ya yi nasa, babu dutse ko ɗaya a gabansa. Kuma binciken da ka kawo ka sake dubawa, tsakanin 150 da 180 kusan babu bambanci, sai an sauka 120 ribar ta fito, ita ma ƴar kaɗan. Wane keken dutse ne zai ɗauki 120? Babu. Mu a nan muna musu ne kan 172 da 178, milimita uku kowane gefe fa. Safa mai kauri da takalmi daban ma za su iya canza maka kusan haka

Injiniya: Na yarda uku kaɗan ce. Amma shi ɗin gwiwarsa na ciwo kuma a 252 ba ta ciwo, to ina dalilin ƙara nisa da inda jikinsa ya saba?

Malam Fisiyo: Bari in shigo nan tunda an zo kan gwiwa. Ɗan Jos ba zan iya ce maka ga abin da ke damunka ba tunda ban gan ka a kan keke ba, amma ga yadda muke kallon abin. Kwankwaso, gwiwa da ƙafa muna so su dinga tafiya kusan a layi ɗaya in an kalle ka ta gaba. In feda ta fi ƙugunka buɗewa da yawa gwiwa tana faɗawa ciki wajen bututun sama duk takawa, galibi gefen ciki ne ke kuka. In ta matse da yawa kuma gwiwa na buɗewa waje a saman zagaye, sai ka ji ciwon ta gefen waje. Wani bincike a Jami'ar Tennessee ya nuna lodin da ke kan gwiwa ta gefe yana ƙaruwa in an buɗe Q, amma su sun buɗe ne sosai daga 150 har sama da 270, ba irin ukun da kuke magana ba. Abin da ya sa nake shakkar Q ne kaɗai a naka shi ne ƙafa ɗaya ce ke ciwo. Da faɗin ne kurum da zan sa ran duka biyun su yi magana. Ka duba tsayin sirdi a kekunan biyu ko ɗaya ne, tsawon hannun kiranki ko ɗaya ne, sannan kilit ɗin takalmin hagu, wato ƙarfen ƙasan takalmi da ke shiga cikin feda, ko ya karkace.

Ɗan Jos: Likita na duba yanzun nan. Na kwalta 170 aka rubuta a bayan hannun, na dutse 175. Feda kuma mai kama takalmi ce SPD a na dutsen

Malam Fisiyo: To kaga abu ɗaya ya fito. 175 na sa gwiwa ta ƙara naɗewa a sama, ga hawa mai tsauri kana taka giya mai nauyi a zaune. Tsayinka nawa?

Ɗan Jos: mita 1.70 haka

Malam Fisiyo: Ni da ni ne 170 ko ma 165 zan ce a riƙo min. In ka rage tsawon da biyar ka ɗaga sirdi da biyar, in goma goma. Sannan ka jingina keken ko ka sa wani ya riƙe maka, ka aje waya a gabanka daidai tsayin gwiwa ta ɗauki bidiyo kana juya feda baya, ka kalli inda ƙoƙon gwiwar ke bi. Ka liƙa ɗan farin tef a kan ƙoƙon don ka gani da kyau. In yana hawa yana sauka a miƙe shikenan, in yana zana da'ira ko yana faɗawa ciki sai mu san ta inda za a taɓa. In kuma ciwon ya kai ga kumburi ko yana tashinka da dare ka je a duba ka, wannan ya wuce gyaran keke.

Baba Mai Keke: Akwai kuma wani abu da nake yawan gani da ke kawo ciwon ƙafa ɗaya. Bibi mai tiredi, wato gidan boris ɗin da aksul ke ratsawa, na keken dutse faɗinsa 73 ne ko 68. Na Shimano in 73 ne zobe ɗaya ake sawa mai kaurin 2.5 a gefen kaca. In 68 ne uku, biyu a gefen kaca ɗaya a hagu. Yaran shago da yawa ba su san wannan ba, duk inda zoben ya faɗa nan suke sa shi, wani ma ya tara su duka gefe ɗaya don kaca ta daina ƙara. Sai kiranki ya koma gefe, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nisa da tsakiyar keke kuma mai keke bai sani ba yana ta hawa. Shi ya sa na ce ka auna dama daban hagu daban, kar ka tara kawai.

Maman Hanif: Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin maganar a hankali. Ni damuwata kullum in ana wannan zancen da dogayen maza ake yi. Tsayina bai wuce 1.55 ba, faɗin kirankin da aka ba mai tsayin 1.90 shi aka ba ni, alhali gajeriyar ƙafa in an buɗe ta da milimita ɗaya da doguwa ita ta fi karkacewa, wannan ko ba a je makaranta ba an sani. Bodi suna yin ƙarami da babba amma Q ɗaya ne. Yallaɓai na Sheffield abin da ya maka daɗi ni wahala ne a wurina wlh. Da na samu feda mai gajeren aksul na kuma matsar da kilit ɗina sai na ji bambanci a ƙuguna tun ba a je ko'ina ba. Kuma a kasuwar gwanjo nan Kaduna kiranki 165 sai an sha wuya, duk 170 ne da 175

Bahaushen Sheffield: Hajiya gaskiyarki, ni 1.86 ne kuma takalmina lamba 46, in na matse dunduniyata ke bugun ƙarfen baya. Ban ce kowa ya bi ni ba, da Injiniya nake da ya ce matsattse ya fi ga kowa.

Ɗan Jos: Anti Maman Hanif ta wane gefe ake matsar da kilit ɗin in ana so ƙafa ta matso ciki? kullum ruɗa ni yake

Maman Hanif: Akasin abin da kake so ƙanena. In kana so ƙafarka ta matso kusa da kiranki sai ka tura kilit ɗin zuwa gefen ƙaramin yatsa, wato waje. In kana so ta buɗe sai ka tura shi wajen babban yatsa. Ɗan wasan da ke jikinsa bai fi ƴan milimita ba amma ya kai bambancin 172 da 178 ɗin da ake ta magana. Kafin ka kwance ka zagaye wurin da yake da biro don ka san inda ka taso, kuma ka sa ɗan giris a sukurun in ba haka ba damina ɗaya sun ci tsatsa ba za su sake kwantuwa ba. Sai dai ka lura kar ka matso har takalmin ya fara gogar hannun kiranki, za ka ga fentin wurin ya goge yana ƙyalli, in ka ga haka ka koma baya kaɗan.

Injiniya: Daidai. Fedar XTR M9100 ma akwai mai aksul gajere da milimita 3, wato 52. Kaga mutum zai iya ɗaukar kiranki 178 saboda bodinsa ya sa wannan fedar ya dawo daidai da mai 172 da feda ta kullum. Sai dai kuɗinta ba wasa ba.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum ƴan uwa, ku kuna rigima kan milimita shida, ku zo nan ku gani. Mu rairayi ne ke damunmu ba dutse ba, na samu keke mai ƙatuwar taya inci 4 irin na hawan yashi, bibinsa faɗin 100 ne, Q ɗin ya haura 200. Ranar farko ji na yi kamar na hau ingarman doki ba sirdi. Amma jiki ya saba a hankali, yanzu ina zuwa ƙauyukan gefen gulbi da shi ba matsala, abin da na yi kawai na ɗan sauke sirdi kaɗan don in ƙafa ta buɗe tana ƙara nisa da feda. Sai dai wani abokina da muka saya tare shi gwiwarsa ta ƙi sam ya sayar da nasa. Mutum ne mai gwame shi, ni kuma ƙafata ta ɗan yi baka

Malam Fisiyo: Wa alaikumus salam. Abin da ka faɗa ya yi daidai da abin da ake gani, masu ƙafar baka da masu tafiya yatsu na kallon waje sun fi jure buɗaɗɗiyar feda, wasunsu ma sai da ita suke samun sauƙi. Canjin dai a yi shi kaɗan kaɗan, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mutum ya canza kiranki da feda da takalmi da sirdi rana ɗaya in ciwo ya zo ko ya tafi ba wanda zai san dalili.

Baba Mai Keke: Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma akwai abin da har yanzu ba a faɗa ba kuma shi ne ya fi shafar mai hawa a Jos. Hanyoyinmu na daji ba irin na Turai ba ne da ake gyarawa, turbar ƙafa ce da ta shanu da wadda ƴan acaɓa suka haƙa da damina, wata ta zama kwari siririya mai zurfi taya na ciki gefe biyu sun taso. A irin wannan duk abin da ka ƙara a faɗi yana kusantar da fedarka ga bango. Haka in za ka ratsa tsakanin duwatsu biyu, ko ka kwantar da keke a kwana kana taka feda. Ku duba fedar duk mai hawa wajen nan, kusurwar waje ta gaba ita ce a daddauje. Feda ta daki dutse kana gudu ba ƙaramin abu ba ne, keken tsayawa yake cak kai ka wuce.

Bahaushen Sheffield: Baba wannan gaskiya ne, amma a ganina tsawon hannun ya fi faɗin tasiri wurin dukan dutse. Shi ya sa nan yanzu mutane ke ta komawa 165 har 160 da 155, musamman masu keken lantarki da suke taka feda ko'ina. Sabbin kekuna kuma gindinsu ya yi ƙasa sosai. Sannan faɗin ita kanta fedar falat, wata 100 wata 110 wata ma ta fi, wannan kaɗai ya shanye shidan da ake magana

Ƙaramin Ɗalibi: Yayyena ni sabon shiga ne ku yi haƙuri da tambayata. Ni falat nake amfani da ita ba kilit, a ina ya kamata in ɗora ƙafa? Kullum in ina gangarowa ƙafata na zamewa gaba feda ta daki ƙaurina

Bahaushen Sheffield: Ƙanena tambaya mai kyau ce. A falat kar ka taka da yatsu irin na ƴan kwalta. Matso da ƙafar gaba kaɗan yadda aksul ɗin feda zai zauna bayan tudun nan na ƙasan babban yatsa, kusa da tsakiyar tafin ƙafa. In za ka gangara miƙe tsaye, feda biyu su daidaita ɗaya gaba ɗaya baya ba ɗaya sama ɗaya ƙasa ba, ka saki dunduniya ta yi ƙasa musamman ta ƙafar gaba da kuma lokacin da kake taka birki, gwiwa a ɗan lanƙwashe a ɗan buɗe. In dunduniya na ƙasa duk dutsen da taya ta daka tura ƙafarka yake cikin feda, in tana sama cire ta yake. Nauyinka a ƙafa ba a hannu ba. A kwana mai faɗi marar gangare kana iya sauke fedar waje ƙasa ka danna ta. Takalmin ma ka duba, mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba mai laushi ake so don ƙusoshin feda su kama, takalmin gudu mai tudu da kwari a ƙasa ba ya zama. Kuma daɗin falat shi ne ƙafarka da kanta take zaɓar faɗin da take so, ka hau na ɗan lokaci ka leƙa ƙasa ka ga inda ta zauna, in kullum a bakin waje take rabin takalmin na lilo to jikinka ƙarin faɗi yake nema.

Malam Fisiyo: Wannan dabarar ta ƙarshe Ɗan Jos kai ma ka yi ta. Ari falat ka sa na ɗan kwanaki ka ga inda ƙafar hagun ke son zama da yadda take karkata, sai ka saita kilit ya bi hakan.

Ɗan Jos: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka. Baba na auna, dama 86 hagu 90, jimla 176, rata da ƙarfen baya 7 a dama, hagu kuma wajen 11. Bibin 73 ne kuma na ga zobe a hagu, gefen kaca babu

Baba Mai Keke: To ka gani. Zoben na gefen da ba nasa ba, ƙafarka ta hagu tana waje fiye da ta dama. Ban ce shi ne duk ciwon ba, wannan na Likita ne, amma a fara gyara shi. In aka mayar da shi dama za su dawo kusan 88 da 88, rata kusan 9 kowane gefe, 172 zai shiga ya bar maka wajen 7. Saura faranti, haƙora nawa kake so? In 30 ko 32 ne a layin 52 yawancin bodin Boost suna ɗauka, in 34 ne ka tabbatar tukuna don shi ne ke fara taɓa ƙarfe. Kuma 52 ya fi yi wa kaca daɗi a manyan giyoyin hawa, ba ta karkacewa da yawa, kai kuma hawa ne aikinka. A riƙo maka da sabon bibi gaba ɗaya, aksul ɗin Shimano 24 ne.

Injiniya: In kuma kayan kamfanin SRAM wani ke dubawa, su nasu DUB ne aksul 28.99, bibinsa daban, kuma da faranti suke gyara layin kaca, mai lanƙwasa 6 na tsohon baya 142 ne, mai 3 na Boost. Akwai kuma DUB Wide mai dogon aksul na layin 55. Kar a haɗa kayan wannan da na wancan

Ƙaramin Ɗalibi: Baba nawa keken tsoho ne, aksul ɗin mai kai huɗu ne da ake ɗaure hannun da noti. Ƙafata a bakin waje take zama kamar yadda yayana ya ce. Na ga ana sayar da wani ƙarfe da ake ɗaurawa tsakanin feda da kiranki ya ƙara faɗi, in saya?

Baba Mai Keke: Kar ka yi gaggawa ɗana. Wannan ƙarfen yawanci 16 ne ko 20 kowane gefe don dole ya haɗiye tiredin feda gaba ɗaya, kaga 32 ko 40 kenan a jimla, ya yi yawa ga mai neman kaɗan. Yana kuma ƙara wa bakin kiranki nauyi, mai tsalle da keke ko mai gangara da gudu ba na ba shi shawarar sa shi, balle in ba ka san wanda ya ƙera ba. Wata fedar ma ba ta da wurin sifana sai alanki ta baya, in ka ɗaura ta a kan toshasshen ƙarfe ba ta inda za ka ɗaure ta da kyau. Fara da wosha, ɗaya ko biyu, kar ya wuce milimita 2 don tiredi ya samu abin kamawa, ko ka nemi feda mai faɗi. Naka mai kai huɗu kuma yana da wata hanya, aksul ɗin tsayi tsayi ne, akwai 113, 118, 122.5, in ka sa wanda ya fi tsayi ƙafa za ta buɗe amma layin kaca zai fita waje tare da ita, giyar gaba sai an sake saita ta, wani lokacin ma ta ƙi kaiwa babban faranti. In za ka kwance feda ka tuna ta hagu tiredinta a juye yake, dama ake juya ta ta kwance. Ka turo hoton keken ta gefen kaca da lambar da ke jikin aksul ɗin in ka buɗe, sai in faɗa maka wanda zai shiga.

Ƙaramin Ɗalibi: To Baba in sha Allah gobe in na dawo daga makaranta zan kai a buɗe in turo